Makarantar yarana za ta koma akadami, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Firamaren da yarana biyu suke yi a Manchesta ta aiko mana takarda cewa za ta fita daga hannun ƙaramar hukuma ta koma akadami, wato makarantar gwamnati mai cin gashin kanta, kuma ana jiran ra'ayin iyaye.

Na gane cewa tun dokar akadami ta 2010 ake irin wannan sauyi, kuɗin makaranta zai riƙa zuwa kai tsaye daga gwamnatin tsakiya, ba za mu biya ko sisi ba, kuma Ofsted, hukumar sa ido kan makarantu, za ta ci gaba da duba ta.

Inda na maƙale shi ne batun ɗana ƙarami. Yana da matsalar ji, yana da takardar EHCP (tsarin tallafin ilimi, lafiya da kulawa na yaro mai buƙata ta musamman), kuma akwai malamar da take zama kusa da shi tana maimaita masa darasi. An ce takardar EHCP tana nan a wuyan ƙaramar hukuma, amma malamar fa? Wallahi kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba. Ga batun yunifom da lokutan hutu, tunda akadami na iya sauya su.

Wanda makarantar 'ya'yansa ta koma akadami, don Allah me ya kamata in tambaya a taron iyaye?