Wa ke da wuƙa da nama a hukumar garinku?

Bazazzage a Dalas: Assalamu alaikum. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa ranar da wata buƙata ta kai shi hukumar garin da yake zaune. Ni dai a bara muka nemi a yi mana tudun rage gudun motoci a layinmu saboda yara, sai na zauna na rubuta wa magajin gari doguwar wasiƙa, domin na ɗauka matsayinsa ɗaya da shugaban ƙaramar hukuma a gida. Wani dattijo da ya daɗe a garin ne ya yi dariya, ya fahimtar da ni cewa magajin garin Dalas ƙuri'a ɗaya yake da ita a majalisa mai mutum 15, kuma majalisar ce take ɗaukar manajan birni aiki, manajan ne yake tsara kasafin kuɗi ya kuma naɗa shugabannin sassa, ita ce kuma take iya sallamarsa. Da muka koma ta hannun kansilan mazaɓarmu sai magana ta fara motsi.

Ɗan Gusau a Hustan: Wa alaikumus salam. Malam, jiharmu ɗaya, wato Teksas ta Amurka, amma tsarinmu daban, domin a Hustan magajin gari ne yake riƙe da sassa kuma shi yake jagorantar zaman majalisa. Sai dai ni ban ci gajiyar wannan ba. Da damina ta cika magudanar da ke gaban gidana da ciyawa, na kira lambar birni, wata mata ta duba adireshina ta ce gidan yana wajen iyakar birni, duk da cewa sunan Hustan ne a kan kowace wasiƙa da ake kawo mini. Ashe a ƙarƙashin gundumar Haris nake kai tsaye. A nan na san cewa kowace daga cikin gundumomi 254 na Teksas tana da majalisar mutum 5 da ake kira kotun kwamishinoni, wadda ta ƙunshi kwamishinoni 4 da shugaba mai laƙabin alƙalin gunduma, alhali aikin majalisar mulki ne da kasafin kuɗi. Ofishin kwamishinan yankinmu ne ya turo motar da ta yashe magudanar. Shugaban 'yan sandan gunduma ma jama'a ne suke zaɓensa daban, don haka kwamishinonin ba su da ikon tsige shi don sun ga dama, ko da yake kuɗin ofishinsa ta hannunsu yake bi.

Uwar Biyu a Fotlan: Mu a jihar Oregon mun ga tsari biyu. A da magajin gari da kwamishinoni 4 ne suke yin doka, kuma kowannensu yana riƙe da wasu sassa kamar minista, tsarin da ya samo asali daga birnin Galbeston na Teksas bayan guguwar 1900. Da na je neman izinin amfani da filin shaƙatawa don taron suna, sai na lura cewa babu wanda zan kira wakilin unguwarmu, domin dukan birni ne yake zaɓen kowane kwamishina. A Nuwamban 2022 aka kaɗa ƙuri'ar sauya tsarin, kuma tun Janairun 2025 kansiloli 12 muke da su daga mazaɓu 4. A ganina wannan ya fi, ko da kuwa har yanzu ana koyon tafiyar.

Ɗan Zango a Kumasi: Hajiya, ku aƙalla an tambaye ku. Mu a Ghana shugaban ƙasa ne yake naɗa shugaban hukumar birni, sannan kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a su amince da shi. Wanda na zaɓa da hannuna shi ne ɗan majalisar unguwarmu, kuma ƙofarsa na ƙwanƙwasa da asuba lokacin da shara ta toshe mana hanyar masallaci.

Bazazzage a Dalas: Allah Ya saka da alheri. Muna sauraron na gida, musamman wanda ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya haramta kantomomin riƙo.