Waƙar Ofera da Koyarwa a Jami'a: Shawarwarin da Aka Tattaro

Da aka tattauna yadda mawaƙin ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa cikin waƙa tare da makaɗa, zai haɗa hawa dandamali da koyar da murya a jami'a, batun lokaci aka fara taɓowa. Manyan gidajen ofera kan ɗauki mawaƙi shekaru kafin ranar wasa, atisaye kuma yakan ci makonni, sau da yawa a tsakiyar zangon karatu. Shawarar ita ce ka kai wa shugaban sashe jadawalinka da wuri, ka rama wa ɗalibai darussan da suka rasa.

A kan maƙogwaro aka fi daɗewa. Mawaƙin ofera ba ya dogara da makirufo. Muryarsa ce za ta keta ƙarar makaɗa ta isa kujerar ƙarshe. Darasin murya kuwa ɗalibi ɗaya ne da malaminsa a gefen fiyano, kuma yini guda ana bayani ana rerawa yana cinye murya. Don haka a rage kwatance da baki, a buga a fiyano, kada a cunkusa darussa ranar wasa. A ganina wannan shawara ta fi kowace amfani, tunda wanda ake biya bisa kowane wasa, in murya ta dushe bai hau ba, ba ko sisi.

Kan takardu kuwa ra'ayi ya rabu. Jami'o'in Amurka da yawa na neman digirin dakta, wasu na karɓar daɗewa a dandamali a madadinsa. Buƙatar iya furta Italiyanci, Jamusanci da Faransanci, harsunan da aka fi rera ofera da su, dai babu wanda ya yi musu a kai.