Hannun Yaya ya kumbura, mun rasa sunan abin da Hausa

Jama'a, kalma nake nema. Likitoci na cewa limfidima. Mu kuwa a gidanmu nan Birnin Kebbi wata da watanni muka yi muna cewa "hannun nan", kamar sunan suruki da ake jin nauyin ambata.

Yayata aka yi wa aikin sankarar mama, aka cire nonon hagu haɗe da kaluluwar hammata, ta kuma yi zaryar Sakkwato ana yi mata gashi da na'ura. Wuri ya warke, muka yi hamdala. Kusan shekara guda sai zobe ya ƙi fita sai da sabulu. Daga nan awarwaro ya cije. Ƙarshe tela ya farke hannun riga ɗaya ya ƙara ƙyalle. Ta ce ba zafi take ji ba, nauyi ne, kamar an rataya mata tulu a kafaɗa.

Abin da ke faruwa shi ne, ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ragowar ruwa daga cikin tsoka su mayar da shi jini, kuma ta kaluluwa suke bi a tace shi. In an cire kaluluwar ko gashin na'ura ya taɓa ta, sai ruwan hannu ya rasa mafita ya kwanta. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin sankarar mama na gamuwa da wannan, wata bayan watanni, wata sai bayan shekaru.

Inna ta ce, "Ke dai da neman magana, kumburi ne mana." To ai nan gizo ke saƙa. Da ka ce kumburi, ka riga ka zaɓa wa mutane magani. Inna har ta aika a kira wanzami ya yi ƙaho, Allah ya sa ina gida. Hannun da ruwa ya kwanta a ciki ba ya son ko ƙwarzane, balle tsaga. Ƙwayar cuta na samun ƙofa, fata ta yi ja, ta ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe mutum, kuma duk sanda haka ta faru sauran hanyoyin ƙara lalacewa suke. Kalmar kumburin nan ce kuma ke kai mutane kemis sayen maganin sa fitsari, wanda ba ya janye irin wannan ruwan mai kauri.

Wani malamin asibiti daga Argungu ya ce a kira shi tundurmin hannu. Malam, kana da hujja, tundurmi ma toshewar hanyoyin nan ne. Sai dai shi tsutsar da sauro ke ɗaukowa ce ke jawo shi, gobe sai ka ji ana nema wa Yaya ƙwayar tsutsa. Ban da haka, macen da ta rasa nono kuma a ce mata mai tundurmi? A'a.

"Kumburin kaluluwa" ya fi daɗin faɗi, amma a juye yake. Kaluluwar da muka sani ita ce ke tasowa a hammata ko matsematsi in mutum ya ji rauni. A nan rashinta ne ya kawo matsalar.

Ni daga fadama na ɗauko tawa. Duk wanda ya noma shinkafa ya san in magudana ta toshe ruwa kwanciya yake, kuma sai an buɗe masa wata hanya an kora shi. Don haka na ce kumburin magudana. Na gwada a kan Inna, sai ta ce, "To a ina ta toshe?" Ran nan ta fara tambayar ina, maimakon wa za a kira.

Sunayen maganin ma da tarko. Aka ce mana tausa, mu kuwa tausarmu dannawa ce har ƙashi ya amsa. Wannan shafa ce mai sauƙi, fata kawai ake motsawa, a fara daga wuya da ƙirji a buɗe wuri, sannan dantse, yatsu su zo ƙarshe. Na sa mata suna shafar kora. Bayanta naɗin bandeji hawa-hawa, ya fi matsewa a wuyan hannu ya riƙa sassautawa zuwa sama. In hannu ya saɓe sai safar matsi, wadda ake aunawa daidai mutum, a sa da rana, a sauya kamar duk wata 6 don robar na saki. A zafin Afrilu na Kebbi kuwa, sai da roƙo Yaya ke sa ta. Ana son motsa hannun, ba a jingine shi ba, a riƙa shafa mai, a kiyayi ƙunar murhu da yankan farce har nama. Ba ya warkewa ɗungurungum, lallaɓa shi ake. Akwai tiyatar da ake haɗa hanyoyin da ƙananan jijiyoyin jini, amma ba kowane hannu take yi wa ba. Kumburin da ya taso sabo kuma likita ya fara gani, don gudan jini ko dawowar cutar ma na kumbura hannu.

Mutanen Zamfara, ya magudana ta zauna a kunnenku? Wani ya ce a sa lambatu, na ce ba da hannun Yaya ba. Ita dai har yau "hannun tulu" take cewa.