Nescafé da goro ga mai ƙaramin ciki: da gaske suna jawo ɓari?

'Yar Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina ya shiga wata na uku, kuma daidai nan na yi ɓari bara, shi ya sa komai tsoro yake ba ni. Ni malamar firamare ce, tun ina gidanmu na saba da shayi mai kauri da safe, in barbaɗa Nescafé a kai. Ranar da ban sha ba, kaina sara yake har azahar. Ga laulayi ya sako ni gaba da tsartar da yawu, sai Hajiyar maigidana ta ce in riƙa tauna goro, har daushe take sa a sayo min daga Mariri. Jiya a layin awo wata ta ce kofi zubar da ciki yake. Tun sannan nake tunanin ko ni na jawo wa kaina na bara.

Anti Ungozoma:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara cire wannan zargin daga ranki. Kusan rabin ɓarin watanni ukun farko daga halittar ɗan tayin yake tasowa tun ranar da cikin ya shiga, ba daga abin da uwa ta ci ba.

Abin da ake magana a kai sinadarin kafin ne, mai wartsake mutum ya kore barci. Yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗa, hantarsa kuwa ba ta yi ƙwarin sarrafa shi ba. Ke ma idan ciki ya tsufa, ya fi daɗewa a jininki. Likitocin mata a Amurka da hukumar lafiya ta Ingila sun ce kada a wuce miligiram 200 a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2016 ta shawarci mai shan sama da 300 ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar jariri marar nauyi.

Babban kofin Nescafé kusan 100 ne, na shayi kusan 75, gwangwanin Coke kusan 40. Kin ga haɗinki na safe kaɗai ya kusa cinye kason yini. Inda mata ke mantawa shi ne goro: shi ma kafin ne a cikinsa, kuma mai ɓantara tun safe har dare ba ta san nawa ta ci ba. Kada ki yanke lokaci ɗaya, ciwon kan zai ƙaru. Cire Nescafé a hankali, ki riƙa shan shayin marar kauri. Kuma ki raba shi da ƙwayar ƙarin jini da kamar awa biyu, don ganyen shayi na rage shigarta jiki.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai duk cikin da na yi da goro na yi shi, ga su nan lafiya lau. Amma gaskiya ɓarin goro ɗaya nake yini da shi a gefen baki, ba ƙwarya ba. Kada ki ce wa Hajiya ba kya so, ki karɓa ki gode, ki ba maigida ya kai majalisa. Don yawun, gwada citta ko ki tsotsi lemon tsami.

Mai Kemis, Sabon Titi:
Hajiya, ƙari kan bayanin Anti: in ciwon kan ya taso, a duba kwali kafin a saya. Panadol Extra akwai kafin miligiram 65 a kowace ƙwaya, biyu sun zama 130, yara kuma in an aike su shi suke miƙo hannu su ce a ba su. Lemukan ƙarin kuzari ma a jingine su tukuna. Ranar awo ki tafi da duk maganin da kike sha a nuna wa likita, tunda kin taɓa ɓari.

'Yar Kurna:
Allah ya saka da alheri. Anti, Milo da Bournvita fa? Su nake shirin komawa.

Anti Ungozoma:
Akwai ɗan kaɗan saboda koko, bai kai a damu ba. Sukarin ki lura da shi.