Yaya ake horar da yaron shago har ya tsaya da ƙafarsa?

Ɗan Kwari: Jama'a, yaya ake jagorantar matashi mai koyon sayar da atamfa a Kantin Kwari ba tare da an kashe masa gwiwa ba?

Hajiyar Gwammaja: Alhaji, ware masa minti 30 duk mako bayan La'asar, ba a gaban masu saye ba. Tambaye shi me ya sayar, ina ya maƙale, me zai gwada. Ka bar shi ya yi magana.

Malamin Fagge: Gaskiyar Hajiya. Kuskuren iyayen gida shi ne ɗora wa yaro buri biyar lokaci guda, sai ya rikice. Ɗaya ya isa. Watan farko ya riƙe littafin bashi kawai: suna, yadi nawa, ranar biya. In lissafinsa ya daidaita, a sakar masa ciniki.