Ta yaya zan faɗa da Turanci cewa aikina ba shi da gaba?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Laraba ina da intabiyu a wata ƙungiyar agaji a Abuja. Ina koyarwa a makarantar kuɗi a Kano, albashi bai taɓa motsawa ba, sama da ni sai hedimasta, shi kuma ƙanen mai makarantar ne. Idan suka tambayi dalilin barin aikin, me zan ce da Turanci wanda ba zai zama ɓatanci ba? Hajiya mai makarantar ce za ta ba ni takardar shaida, ba na so mu rabu dutse a hannun riga.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Akwai mai gyara takardun neman aiki a Zoo Road, dubu 5 ne.

Abu Khalil: Wane dubu 5? Ni dubu 20 aka caje ni, ko kira ban samu ba.

Anti Jummai: Ƙanwata, ni nake zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata a ofishinmu. Kada "dead-end job" ya fito daga bakinki. Ki ce "there is limited room for growth", ki ɗora da abin da kika koya a wurin. Mai kushe tsohon ubangidansa, mun san gobe mu zai kushe.

Malamin Turanci: "I have outgrown the role" ya fi tsari.

Anti Jummai: Malam, wannan a kunnenmu girman kai ne. Kai maki kake bayarwa, mu aiki muke bayarwa.

Malamin Turanci: Amma jimlar ai daga wurinmu kuka koya.

Tsohon Kashiya: Ku bar batun lafazi. Na tsufa a kantar biyan kuɗi a wani banki a matsayin ɗan kwantiragi. Yaran da na koya wa ƙirga kuɗi suka zama shugabannina. Katin wuyana ma launinsa daban da nasu, mai gadi yana gani ya san ajina. Ranar da na tambayi ƙarin girma aka ce ni ba ma'aikacinsu ba ne, na kamfanin da ya kawo ni ne. Wata biyu bayan nan saƙon sallama ya shigo wayata ina cikin sahun Azahar.

Ɗan Fagge: Allah ya musanya, Yaya. Maman Iman, ki ce musu "see finish" kawai 😂

Injiniya: Ko gwamnati haka take. Mai HND (babbar difloma) a matakin albashi na 14 yake tsayawa, mai digiri ya kai 17. Tare muka shiga da wasu, yanzu ranka ya daɗe nake ce musu.

Abu Khalil: Kai ko banza kana da fansho. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, makarantun kuɗi nawa ne suke biya?

Maman Iman: Anti Jummai, to idan suka tambayi nawa ake biyana fa?

Injiniya: Fanshon da sai ka yi shekara kana zarya kafin ka gani?