"Biri ya yi kama da mutum": ina aka dosa da wannan maganar?

Ɗan Kawo: Jiya a majalisa wani ya ce tunda biri ya yi kama da mutum, ai shi ya sa ake gwada magani a jikinsa. Na ce ba nan karin maganar ta nufa ba. Ku raba mana gardama.

Malamin Hausa, Tudun Wada: Kai ke da gaskiya, ɗan'uwa. Ana faɗinta ne idan zargi ya fara kama jiki. Kuɗi sun ɓata a shago, washegari yaron shago ya fito da sabuwar waya, sai a ce lallai biri ya yi kama da mutum. Ba ruwanta da asibiti.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Rimi: Malam, da girmanka, amma mutumin bai yi nisa da hanya ba. Allurar riga-kafin shan inna ta farko da aka amince da ita a Amurka a 1955, a ƙwayoyin ƙodar biri aka reno ƙwayar cutar. Ni na yi shekaru ina bin gida-gida a Rigasa da ɗigon riga-kafi a akwatin ƙanƙara. Da aka ce Afirka ta rabu da shan inna na daji, wato asalin ƙwayar cutar da ke yaɗuwa da kanta, a 2020, har hawaye na yi. Da birai a cikin wannan ladan.

Ɗan Kawo: To Anti, wannan kama da mutum da ta sa biri ya dace da gwaji, ba ita ce kuma ta sa yake jin zafi irin namu ba? Tun 1960 mai binciken dabbobi Jane Goodall ta ga cimfanzi, wani babban biri, a Tanzaniya yana zura tsinke a shuri yana kamo gara. Mai wannan dabara a kulle shi a keji?

Ma'aikaciyar jinya: Cimfanzi kam hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina gwaji da shi tun 2015. Ƙananan birai dai har yau.

Baba Alhaji, Kasuwar Barci: 'Ya'yana, ku bar Amurka tukuna. Mai wasa da biri da ke zagayawa nan kasuwa, sarƙa ta cinye wa dabbar gashin ƙugu, fata ta yi ja, mu kuwa muna dariya muna jefa masa naira hamsin. Wannan maganin wace cuta ake nema? Mun dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Malamin Hausa: Baba, ni fa ma'ana kawai aka tambaye ni.